RENE LAENNEC: LIKITAN DA YA KOYA WA DUNIYA SAURAREN HUHU

Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti ya ga likita rataye da 'yar na'urar nan da yakan ɗora a ƙirjin majiyyaci ya saurara. Wanda ya ƙago asalinta shi ne Dokta Rene Laennec, mutumin ƙasar Faransa.

An haife shi ran 17 ga watan Fabrairu, 1781, a garin Quimper. Tun yana ƙarami mahaifiyarsa ta rasu, daga baya riƙonsa ya koma hannun baffansa, wani likita a birnin Nantes. A can ya fara koyon aikin, kana ya zarce birnin Faris cikin 1801 don ƙaro ilmi.

A wancan zamani tarin fuka yana hallaka jama'a ƙwarai a Turai. Likita kuwa ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin ƙirji, sai ya ƙwanƙwasa da yatsu ko ya manna kunnensa a jikin majiyyaci.

Cikin 1816, shekarar da ya kama aiki a asibitin Necker na Faris, aka nemi ya duba wata budurwa mai ciwon zuciya. Ganin bai dace ya manna mata kunne ba, sai ya naɗe takarda kamar bututu, ya ɗora baki ɗaya a ƙirjinta, ɗayan a kunnensa. Nan take ya ji bugun zuciyarta sarai. Daga nan ya sassaƙa irin bututun da katako.

Amma babban aikinsa shi ne wanda ya biyo baya. Shekara uku yana sauraren ƙirjin majiyyata yana rubuta kowace irin ƙara. In majiyyaci ya mutu, sai ya binciki gawar don ya ga cutar da ta haddasa ƙarar. Ta haka ya rarrabe alamun tarin fuka da na nimoniya da na taruwar ruwa a ƙirji. Cikin 1819 ya buga sakamakon a littafi mai juzu'i biyu. Wasu likitoci sun yi masa ba'a da fari, amma ba a daɗe ba ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam suka riƙa zuwa koyo wurinsa. Cikin 1822 aka naɗa shi shaihun malami a Kwalejin Faransa.

Sai dai cutar da ya ƙarar da ƙarfinsa a kanta ba ta ƙyale shi ba. Tarin fuka ya kama shi, ya koma yankinsu na Brittany, inda ya rasu ran 13 ga watan Agusta, 1826, yana da shekara 45. Sai cikin 1882, watau bayan shekara 56, Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar cutar.

An sake fasalin na'urar, ta zama mai kunne biyu, amma har gobe ɗaliban likita suna koyon sauraren huhu bisa tushen da ya kafa.