Dakta Taslim Elias: Akawun Reluwe Da Ya Zama Shugaban Kotun Duniya

Cikin masanan shari'a da Nijeriya ta haifa, da wuya a sami wanda bincikensa ya kai shi inda na Dakta Taslim Olawale Elias ya kai shi. Shi ne mutumin Afirka ta Yamma na farko da ya sami digirin dakta a fannin shari'a daga Jami'ar Landan, shi ne kuma baƙar fata na farko da ya shugabanci Kotun Duniya.

An haife shi a birnin Ikko ran 11 ga watan Nuwamba, 1914. Bayan ya gama Kwalejin Igbobi, sai ya kama aikin akawu a ofishin odita na gwamnati, daga nan ya koma Hukumar Reluwe a 1935, inda ya shekara tara a ofishin babban akanta. A lokacin nan babu jami'a ko ɗaya a ƙasar. Ta Ibadan ma sai a 1948 aka buɗe ta, ba ta kuwa fara da koyar da shari'a ba. Saboda haka Elias ya riƙa karatu bayan an tashi daga aiki, yana ɗaukar jarrabawar Jami'ar Landan daga gida.

A 1944, yana ɗan shekara kusan talatin, ya tafi Ingila, Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare ba. Ya sami digiri na farko a fannin shari'a a 1946. A 1947 ya zama cikakken lauya, ya kuma sami digiri na biyu. Yawancin 'yan Afirka da suka kai wannan matsayi gida suke komawa su buɗe ofis, domin aikin lauya yana kawo kuɗi da suna. Shi kuwa sai ya tsaya neman digiri na uku, wanda ya samu a 1949.

Wannan digiri ya sha bamban da na farko. Ba a samunsa ta hanyar haddace darasi. Ɗalibi ne zai zaɓi wata matsala da ba a warware ba, ya yi shekaru yana bin dokoki da hukunce-hukuncen kotuna a ƙarƙashin kulawar wani malami, ya rubuta kundi mai ɗauke da sabon ilmi, sa'an nan ya zauna gaban masana ya kare abin da ya rubuta baki da baki.

Matsalar da Elias ya duƙufa a kanta ita ce dokokin gargajiyar Afirka, musamman na mallakar ƙasa. A zamanin mulkin mallaka, kotunan Turawa ba su ɗauki al'adar mutanen ƙasa daidai da dokar Ingila ba. Wanda ya kafa hujja da al'ada sai ya kawo shaidu su tabbatar da ita, alƙali kuma yana da ikon yin watsi da ita in ya ga ta saɓa wa abin da ya ɗauka adalci ne. Wasu marubutan Turai ma cewa suke yi Afirka ba ta da doka, sai dai al'ada da tsoron sarki.

Elias ya amsa musu da hujja. A 1951 ya fitar da littafi a kan dokar filaye da al'adun Nijeriya. Bayan ya ci gaba da bincike a jami'o'in Manchester da Oxford, sai a 1956 ya fitar da wani a kan asalin dokokin gargajiyar Afirka. A ciki ya nuna cewa al'ummomin Afirka suna da ƙa'idodin gado, da aure, da ciniki, da ramuwar ɓarna, suna kuma da hanyoyin yanke hukunci da tilasta bin sa. Watau abin da suke da shi doka ce sosai, ko da ba a rubuce take ba.

Da 'yancin kai ya zo a 1960, sai gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta naɗa shi Atoni-Janar kuma Ministan Shari'a. A zamaninsa ne aka yi dokar 1962 da ta kafa Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya, har aka daina dogara ga Ingila wajen samun lauyoyi. Yana kuma cikin waɗanda suka tsara yarjejeniyar kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963. Bayan juyin mulkin 1966 ya zama farfesa kuma shugaban sashen shari'a na Jami'ar Ikko, kafin gwamnatin Yakubu Gowon ta mai da shi kujerar Atoni-Janar. Daɗin daɗawa, shi ya shugabanci babban kwamitin taron Vienna na 1968 da 1969, wanda ya tsara dokar yarjejeniyoyi tsakanin ƙasashe.

A 1972 aka naɗa shi Babban Jojin Nijeriya, ko da yake bai taɓa zama alƙali ba. Bai daɗe a kujerar ba, gama a 1975 gwamnatin Murtala Muhammed ta sauke shi lokacin da take tankaɗe da rairaya a aikin gwamnati. Amma wanda ya tara ilmi ba ya rasa mazauni. Kafin shekarar ta ƙare, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaɓe shi alƙali a Kotun Duniya da ke birnin Hague na ƙasar Holan, ya kama aiki a 1976. Ya shugabanci kotun daga 1982 zuwa 1985. A ƙarƙashinsa ne kotun ta yanke a 1984 cewa tana da hurumin sauraron ƙarar da ƙaramar ƙasar Nicaragua ta kai Amurka.

Allah ya yi masa rasuwa a Ikko ran 14 ga watan Agusta, 1991, yana riƙe da kujerarsa ta alƙalin kotun. An sa sunansa ga laburaren Cibiyar Zurfafa Binciken Shari'a ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979.

Ɗalibin da ke shirin neman babban digiri a fannin shari'a, da ma'aikacin da ke ganin lokacin karatu ya wuce shi, duk suna da abin lura a nan. Elias bai nemi digiri don a kira shi dakta ba. Tambaya ce ta ƙasarsa ya ɗauka ya bi diddiginta, amsar da ya samu kuwa har yau masu nazarin dokokin Afirka suna komawa gare ta.