Farfesa Abdu Mumuni: Mutumin da Ya Sa Rana Aiki

Kafin ka ci gaba da karatu, tuna lokacin da ka bar buta a tsakar gida a watan bazara, ka zo alwalar azahar ka tarar ruwan ya kusa ƙona maka hannu. Yawancinmu tsaki muke yi mu nemi ruwan randa. Mutumin da za mu tuna a nan, shi tambaya ya yi: wannan zafi da ke zubo mana kyauta, me zai hana ya yi mana aiki?

An haifi Abdu Mumuni Jofo a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi makarantar firamare a Damagaram, ya wuce Yamai, daga nan sai makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal, sannan Faransa, inda ya karanta fizik. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo, wadda ke cikin mafi tsauri ga masu son koyarwa a ƙasar, kuma ana lissafa shi ɗan Afirka na farko da ya ci ta a wannan fanni. A 1967 ya samu babban digirin dakta.

Mai irin wannan takarda, da ya so, da ya yi zamansa a Turai. Shi kuwa gida ya dawo. Ya koyar a Dakar, da Konakiri, da Yamai. A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet ya ƙaro sani kan makamashin rana. Daga 1964 zuwa 1969 yana Bamako, inda ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na ƙasar Mali. A 1969 ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar, ya riƙe shi har 1985. A 1979 kuma aka naɗa shi shugaban Jami'ar Yamai.

To, me ake yi a ONERSOL ɗin? Abin da ka riga ka sani ne aka sa wa lissafi. Ka san baƙar riga ta fi fara zafi a rana, domin baƙi yana shanye haske ya mai da shi zafi, fari kuwa yana tunkuɗe mafi yawansa. Ka san mota in aka rufe gilasanta a rana cikinta kamar tanda yake, domin haske ya shiga ta gilashi, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Haɗa waɗannan biyu: baƙin faranti na ƙarfe, bututun ruwa a jikinsa, gilashi a sama. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Ga na'urar ɗumama ruwa ke nan, ba itace, ba lantarki. Irinta aka riƙa ƙerawa a Yamai.

Haka ma murhun rana. Wataƙila kana yaro ka taɓa ƙona takarda da gilashin da ke tara haske a ɗigo guda. Madubi mai zurfi kamar kwano shi ma haka yake yi, yana tattara hasken da ya sauka a kansa ya kai shi gindin tukunya. Da tsakar rana, in sama ta yi garau, kowane murabba'in mita na samun kusan wat 1000. Lissafa girman rufin ɗakinku ka ga abin da ke wuce mu kullum.

Mu a Gamu wannan ba labarin nesa ba ne. Ka san nisan da iyayenmu mata ke yi neman itace, ka san yadda rairayi ke cin gonaki a ƙasar Gure. Duk itacen da aka sare don tafasa ruwa, shinge ne aka cire tsakaninmu da hamada. Farfesa ya hango haka tun ba a fara ganin faranten sola a kan rufi da bakin rijiyoyi ba. Su faranten, ka lura, aikinsu daban: haske suke mayarwa lantarki kai tsaye. Amma ranar ɗaya ce.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya taɓa ni. A 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka, inda ya soki makarantar da Turawan mulkin mallaka suka bari, ya kuma nuna cewa ya kamata a koyar da yara da harsunansu. Ni da na fara karatu da Hausa kafin Faransanci, na ga amfanin haka: abin da ka fara ganewa da harshen gida, ba ya zame maka hadda kawai.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991. A 1992 aka sa wa Jami'ar Yamai sunansa.

Yanzu saura kai. Da yawa cikinmu suna gudun ajin kimiyya, wai fizik ta fi ƙarfinmu, wai ilimin Nasara ne. Ai kusan shekara dubu da suka wuce, Ibnul Haisam, Musulmi haifaffen Basra, shi ya nuna cewa muna gani ne domin haske yana shigowa ido. Duba halittar Allah da tunani a kanta ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fara da abin da ke gabanka: me ya sa ruwan randa ke sanyi? Ruwa ne ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska, yana tafiya da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jikinka. In ka gane wannan, ka riga ka shiga fizik. Ka riƙe darasin, ka koya wa ƙannenka.

Allah ya jiƙan Farfesa Abdu Mumuni, ya sa aikinsa ya zame masa sadaka mai gudana, ya fitar da irinsa a cikinmu. Amin.