Imam Harisul Muhasibi: Malamin da ya fito da halartar zuciya daga halwa zuwa kasuwa

Da yawa daga cikinmu idan aka ambaci tafakkuri da halartar zuciya, abin da ke zuwa mana shi ne mutumin da ya kulle kansa a ɗaki ya yanke hulɗa da jama'a. Saboda haka ɗan kasuwa da ma'aikaci da uwar 'ya'ya sukan ɗauka cewa wannan babi ba nasu ba ne. Rayuwar Abu Abdullahi Harisu ɗan Asad, wanda aka fi sani da Muhasibi, Allah Ya yi masa rahama, ta tafi ne a kan rushe wannan zato.

An haife shi a Basra wajen shekara ta 165 bayan Hijira, ya tashi a Bagadaza lokacin da take cibiyar daular Abbasiyawa, cike da dukiya da gardandamin aƙida. Ya karɓi hadisi daga Yazidu ɗan Haruna, ya yi zurfi a fiƙihu da ilimin kalam. Laƙabinsa ya samo asali daga muhasaba, wato yawan yi wa kai hisabi. Masu tarihi sun ruwaito cewa mahaifinsa ya bar dukiya mai yawa, wasu suka ce dirhami dubu 70, amma Harisu ya ƙi ɗaukar komai a ciki saboda saɓanin aƙida da ke tsakaninsu, alhali yana cikin buƙata. Wannan tsantseni ne da ya ɗora wa kansa, ba hukunci ba ne da za mu yi wa mutane fatawa da shi.

Duk da haka, mutumin da ya bar irin wannan gado shi ne ya rubuta littafin Al-Makasib yana mayar da martani ga masu zuhudun da ke cewa barin neman abinci shi ne cikar tawakkali. A wurinsa tawakkali aikin zuciya ne, fita neman halal kuwa aikin gaɓoɓi ne, ɗaya ba ya kore ɗaya. Abin da yake tsoro ga mai sana'a shi ne ya wuni zuciyarsa ba ta san inda take ba.

Babban littafinsa, Ar-Ri'aya li Huƙuƙillah, an gina shi a kan tambaya da amsa tsakanin almajiri da malami. A ciki ya karkasa abin da ke ɗarsuwa a zuciya gida uku: akwai faɗakarwa daga Allah, akwai ƙawatawar son rai, akwai waswasin Shaiɗan. Duka ukun suna zuwa cikin ƙiftawar ido, kuma sau da yawa sukan yi kama da juna. Maganin da ya bayar shi ne dakatawa kaɗan kafin aiki, mutum ya auna abin da ya ɗarsu masa da Littafi da Sunna. Ya kwatanta wannan da matafiyi a cikin duhu a hanya mai ramuka: idonsa ba zai amfane shi ba sai da fitila, fitilar ba za ta amfane shi ba sai da ido, dukansu kuma banza ne idan bai dubi inda zai ajiye ƙafarsa ba. Hisabin kai a wurinsa iri biyu ne, ɗaya kafin a yi aiki, ɗaya bayan an gama. Na farkon ba ya cin lokacin da ya wuce na ɗaga mudu ko na buɗe baki da magana, shi ya sa babu wanda zai kawo uzurin rashin lokaci.

Kaso mai tsoka na littafin ya tafi a kan riya, sannan jiji da kai da girman kai da ruɗuwa da hassada. Mu masu hawa mumbari mun fi kowa buƙatar waɗannan babuka, domin ya nuna yadda mutum kan fara ibada da ikhlasi, sai shigowar wani ta sa ya ƙara tsawon ruku'u. A ƙarshen littafin ya tsara wa almajiri yininsa tun daga farkawa daga barci, da sa tufafi, da fita masallaci, da tafiya a hanya, da shiga harkar neman abinci, har komawa shimfiɗa, kowane mataki da niyyar da ta dace da shi da abin da ake tsoro a cikinsa.

Almajirinsa Junaidu ya ba da labarin cewa Harisu kan zo gidansu ya nemi su fita tare. Junaidu, wanda a lokacin yake son kaɗaici, sai ya nuna tsoron fitinun hanya. Malamin ya nuna masa cewa natsuwar da taron mutane ke iya rushewa ba ta kafu ba tukuna, shi kam kusantar jama'a ba ta ƙara masa komai, nisantarsu ba ta sa shi kewa. Sukan fita, ya umarci Junaidu ya tambayi duk abin da ya zo masa a rai, ya amsa nan take, sannan ya koma gida ya mayar da amsoshin littafi.

Bai tsira daga suka ba. Imam Ahmad ɗan Hanbal, wanda ya sha azaba a fitinar cewa Alƙur'ani halitta ne da ta fara a shekara ta 218, ya ƙi yadda Harisu ke amfani da hujjojin kalam wajen raddi ga Mu'utazilawa, yana ganin hakan na yaɗa shubuhohinsu. Abu Zur'a ar-Razi ma ya gargaɗi mutane game da littattafansa. Muna ganin tsoron Imam Ahmad yana da tushe a zamanin da bidi'a ta samu goyon bayan fada, amma hakan bai rage darajar abin da Harisu ya rubuta a kan cututtukan zuciya ba. Ya ƙare rayuwarsa a ɓoye, ya rasu a Bagadaza a shekara ta 243, shekara biyu bayan Imam Ahmad, kuma an ruwaito cewa mutum huɗu kaɗai suka sallace shi.

Bayan ƙarni biyu da rabi, Imam Gazali ya ambata a Al-Munƙiz cewa littattafan Muhasibi na cikin abin da ya karanta lokacin da yake neman mafita, kuma tasirin Ri'aya a bayyane yake a babukan riya na Ihya'u. Ta hannun Junaidu kuma hanyar ta iso har zaurukanmu, domin babin tasawwufi na littafin Ibnu Ashir da almajiranmu ke haddacewa an jingina shi ga tafarkin Junaidu, yana kuma umarni da hisabin kai da auna abin da ke ɗarsuwa. Ƙaramin littafinsa Risalatul Mustarshidin, wanda Shaihu Abdulfattah Abu Gudda ya yi wa tahƙiƙi, shi ya fi sauƙin farawa da shi.