Lewis Fry Richardson: Masanin yanayin da ya ajiye aikin gwamnati don kada iliminsa ya shiga yaƙi

A shekarar 1920 gwamnatin Birtaniya ta mayar da hukumar kula da yanayi ta ƙasar ƙarƙashin ma'aikatar da ke riƙe da sojojin sama. A takarda sauyin ofis ne kawai. Amma Lewis Fry Richardson, wanda ya taso a ɗarikar Kiristocin Kwaka masu ƙyamar ɗaukar makami, ya ajiye aikinsa. Ta haka hukumar ta rasa mutumin da ya fara gwada hasashen yanayi da tsantsar lissafi, hanyar da duk manyan kwamfutocin nazarin sauyin yanayi ke bi a yau.

An haife shi a Newcastle a 1881, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, kuma a 1913 aka ba shi shugabancin tashar nazarin yanayi ta Eskdalemuir a Sikotilan. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi tsanani, sai ya tafi Faransa a 1916 yana tuƙa motar kwasar sojojin da suka ji rauni.

A can, tsakanin wannan jigila da waccan, ya yi aikin da ake tunawa da shi. Ya yanka taswirar tsakiyar Turai gida-gida kamar ta dara, ya raba sararin sama hawa biyar, ya ɗauki ma'aunan da aka yi da safiyar 20 ga Mayun 1910, sannan ya zauna da fensir yana lissafa yadda iska za ta kasance bayan awa shida. Lissafin ya ci kusan mako shida. Sakamakon ya nuna nauyin iska zai ƙaru da miliba 145, alhali a ranar da ƙyar ya motsa.

Wani da sai ya ɓoye wannan abin kunya. Shi kuwa ya buga shi ƙarara a littafinsa na 1922, littafin da rubutunsa ya taɓa ɓacewa a fagen daga, aka tsinto shi ƙarƙashin tarin kwal. A ciki ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi lokaci guda kafin hasashe ya riga yanayi isowa. Shekaru da dama bayan rasuwarsa masanin Ailan Peter Lynch ya sake lissafin, ya gano cewa hanyar daidai take, ma'aunan farko ne ba a tace ba.

Bayan murabus ya koma koyarwa. Da ya ji masu haɗa iska mai guba na sha'awar bincikensa kan yadda iska ke watsa hayaƙi, sai ya lalata abin da bai riga ya buga ba, ya juya ga ƙididdigar yaƙe-yaƙe da tseren makamai. Littattafansa biyu kan haka sai a 1960 suka fito, shekara bakwai bayan rasuwarsa a Kilmun.

Ya dai ga cikar burinsa kafin ya rasu. A 1950 Jule Charney da abokan aikinsa suka yi hasashen farko da kwamfutar ENIAC a Amurka, suka aika masa da sakamakon. Rundunar sojin Amurka ce ta sa aka ƙera na'urar, domin lissafin saitin manyan bindigogi.