Grace Hopper: sojar ruwan da ta ɗora kompaila a kan ma'auni

An haifi Grace Hopper ranar 9 ga Disamba, 1906, a birnin New York na Amurka. Ta samu digirin digirgir a lissafi daga Jami'ar Yale a 1934, ta shiga rundunar sojan ruwa a 1943, daga nan aka tura ta aiki da kwamfutar Mark I a Harvard.

A 1947 abokan aikinta suka ciro wani ƙwaro da ya maƙale a cikin Mark II, suka manna shi a littafin aikinsu. Ita ce ta yi ta ba da labarin har ya bazu a duniya.

A 1952, tana aiki da masu ƙera UNIVAC, ta samar da A-0, ɗaya daga cikin kompaila na farko. Kompaila tafinta ce: tana ɗaukar umarnin da mutum ya rubuta, ta mayar da shi lambobin da inji ke ganewa. Aikinta na FLOW-MATIC ya zama tushen harshen COBOL da aka tsara a 1959, wanda bankuna da dama ke amfani da shi har yau.

Sai matsala ta kunno kai. Kowane kamfani ya yi tasa kompailar COBOL, kowace da nata kurakurai. Masu rubuta manhaja kan saba da kuskuren, su gina aikinsu a kansa. Ranar da aka gyara shi, manhajar da ke aiki lafiya jiya tana iya fitar da wani lissafi daban yau. Idan kuma aka bar shi, a ci gaba da haifar da manhajoji masu aibi.

A 1967 rundunar ta sake kiran Hopper daga ritaya domin daidaita COBOL, da niyyar wata shida, amma sai 1986 ta ajiye aiki, tana da shekara 79 da muƙamin riya admiral. Tawagarta ta haɗa jerin gwaje-gwaje da ake auna kowace kompaila da su bisa rubutacciyar ƙa'ida. Da haka aka samu hanyar bambance gyaran da ke mayar da kompaila kan ƙa'ida da canjin da ke sauya ƙa'idar kanta.

Wannan bambanci ne masu manhaja ke dubawa yau: gyaran da ba zai rusa aikin kowa ba yakan shiga ƙaramin sabuntawa, wanda zai sauya hali kuma yakan jira babban fitarwa. Ɗan ci-rani a Abijan da ke tura kuɗi ta waya zuwa Tawa ko Takanamat ya dogara da irin wannan hukunci duk lokacin da manhajarsa ta sabunta.

Hopper ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington.