Samuel Ajayi Crowther: Yaron da Aka Sayar Ya Zama Bishop na Kogin Kwara

Yawancinmu masu bi na arewa mun sha wannan tambaya, ko a makaranta, ko a kasuwa, ko wurin neman aiki: kai ɗan ina ne, wane yare ne, wane addini kake bi? Wani lokaci sunanmu kaɗai ya isa a yanke mana hukunci tun ba mu buɗe baki ba. Bahaushen da ya karɓi Almasihu yakan ji ana cewa ya bar Hausa, ɗan ƙaramar ƙabila kuma yakan ji kamar dole ya ajiye harshen uwarsa a ƙofar majami'a. Shekara 200 da suka wuce wani yaro Bayarabe ya gamu da wannan tambaya ta hanya mafi zafi, gama a rana ɗaya aka raba shi da garinsu da danginsa da 'yancinsa. Sunansa Ajayi. Labarinsa ya shafe mu kai tsaye, domin shi ne ya kafa tashoshin bishara na farko a mahaɗar Kwara da Binuwai.

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Osogun, cikin jihar Oyo ta yanzu. A lokacin daular Oyo tana rushewa, yaƙe-yaƙe sun cika ƙasar Yarabawa, kamun bayi ya zama sana'a. A 1821 mayaƙa suka faɗa wa Osogun, cikinsu akwai Musulmin Oyo da Fulani da bayin da suka tsere wa iyayengijinsu. Suka ƙone garin, suka kama Ajayi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata. Bai ƙara ganin mahaifinsa ba. Ba da daɗewa ba aka raba shi da uwar, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu. An taɓa musayarsa da doki, daga baya kuma da taba da barasa, har ya faɗa hannun 'yan kasuwar Fotugal a Legas.

A watan Afrilu na 1822 aka loda shi cikin jirgin bayi mai shirin ƙetare teku, sai jiragen yaƙin Birtaniya suka tare jirgin, suka kai waɗanda ke ciki Freetown ta ƙasar Saliyo. Freetown gari ne na mutanen da aka tumɓuke daga asalinsu. Dubban bayin da aka 'yantar suna zaune a can, da harsuna fiye da 100, har da Hausa. Kowa ya rasa sarkinsa da dattawansa da wurin tsafin kakanninsa, kowa yana neman abin da zai dogara a kai. Wasu sun samu a Musulunci, wasu a ikilisiya. Ajayi ya shiga hannun ƙungiyar mishan ta CMS ta ɗarikar Angilika, ya koyi karatu da sauri, aka yi masa baftisma ran 11 ga Disamba 1825. Ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther, amma bai yar da Ajayi ba. A 1827 ya zama ɗalibi na farko a kwalejin Fourah Bay. Ya auri Asano, wadda ita ma 'yantacciya ce, aka yi mata baftisma da suna Susan.

A 1841 gwamnatin Birtaniya ta aiko da jirage su bi kogin Kwara domin ƙulla ciniki da hana cinikin bayi. CMS ta sa mutum biyu a cikin tafiyar: Crowther, da wani Bajamushe mai suna Schön, wanda daga baya ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, tafiyar ta watse. Darasin da CMS ta ɗauka shi ne, in bishara za ta shiga cikin Afirka, sai dai 'yan Afirka su kai ta. Aka kira Crowther Ingila, aka naɗa shi limamin coci a 1843.

A 1846 ya isa Abekuta tare da wani ɗan mishan Bature, Henry Townsend. A can ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa bayan shekara 25. Da harshen da ta koya masa tun yana goye ya yi mata bayanin bangaskiyarsa, a 1848 kuma aka yi mata baftisma da suna Hannatu. Da a ce sabuwar rayuwarsa ta sa ya raina Yarabanci, da bai sami bakin yi wa uwarsa wa'azi ba.

Aikin harshe shi ne babban gadon da ya bari. Tun 1843 ya buga littafin kalmomin Yarabanci, ya kuma jagoranci juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen, aikin da aka kammala a shekarun 1880. Kafin zamaninsa Egba da Ijebu da Ijesa da Ekiti kowa yana kiran kansa da sunan garinsu. Sunan Yarabawa kuwa mutanen Oyo ake nufi da shi, kuma haka Hausawa da malaman arewa suke kiransu. Da aka sami rubutu ɗaya da Littafi ɗaya da ake karantawa a kowace majami'a da makaranta, sai a hankali waɗannan jama'u suka soma ganin kansu al'umma ɗaya mai suna ɗaya. Wajen zaɓen kalmomi ma bai ƙyamaci abin da ya tarar ba. Ya kira Allah da sunan da mutanensa suka sani, Olorun. Kalmomin addu'a da limami ya ɗauko su daga bakin Musulmin Yarabawa. Mu da muke karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, mun san wannan hanya, domin kalmomin Allah da annabi da addu'a da zunubi muna tarayya a kansu da maƙwabtanmu.

A 1854 Crowther ya sake bin kogi tare da Likita Baikie, suka hau Binuwai. Wannan karo sun sha kwinin, ba wanda zazzaɓi ya kashe. A 1857 aka kafa Mishan ɗin Kwara, wanda ma'aikatansa duka 'yan Afirka ne, yawancinsu daga Saliyo. Suka buɗe tasha a Anacha da kuma Gbebe, kusa da Lakwaja. A wannan tafiya jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba ya lalace, Crowther ya yi amfani da watannin jira wajen koyon Nufanci, har ya buga littafin nahawunsa a 1864. A shekarar ce, ran 29 ga Yuni, aka naɗa shi bishop a Canterbury, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a ɗarikar Angilika. Sakataren CMS, Henry Venn, shi ya tsaya kai da fata a kan naɗin, domin ya gaskata ikilisiyar Afirka ta riƙe kanta, ta mallaki kanta, ta yaɗa kanta. Townsend da wasu Turawa sun ƙi su zauna ƙarƙashinsa, saboda haka aka ba shi yankin kogi, aka bar Legas da Abekuta a hannun bishop Bature.

Yadda ya zauna da Musulmi shi ne ɓangaren da ya fi dacewa mu yi tunani a kai. Ya san sarai su wane ne suka ƙone garinsu. Yana da dalilin riƙe ƙiyayya har kabari, amma bai riƙe ba. Tun yana malamin makaranta a Saliyo ya koyi darasi: ya taɓa cire wa wani yaro Musulmi laya, uban ya zo a fusace, aka shirya muhawara da dattawan Musulmi. Crowther ya je da hujjojinsa a shirye, ya dawo ba tare da ya jawo ko mutum ɗaya ba. Daga nan ya gane cewa cin gardama ba ya buɗe zuciya. A bakin Kwara ya riƙa kai wa sarakuna gaisuwa, yana neman izini kafin ya kafa tasha, yana ba su kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci. Ya yi abota ta shekaru da Masaba, Sarkin Nupe a Bida. A 1872 a fadar Sarkin Ilori malamai suka yi masa tambayoyi a kan ko Yesu Ɗan Allah ne. Bai ɓoye abin da ya gaskata ba, bai kuma zagi addinin kowa ba. Ya sa aka karanta musu amsa daga Linjila, ya fara da saƙon da mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa Maryamu, wurin da ya san suna girmamawa. A shekarun 1880, da barasar Turawa ta soma lalata ƙasar Nupe, wurin Crowther ne Sarki Maliki ya aika da roƙo a taimaka a hana shigo da ita. Sarkin Musulmi ya ga bishop ɗin Kirista a matsayin dattijon da za a kai wa kuka.

Raunin da ya fi yi masa ciwo daga cikin gida ya fito. Bayan rasuwar Venn a 1873 iska ta juya. Turawa suna shirin raba Afirka, ra'ayin cewa baƙar fata bai isa shugabanci ba ya shiga har cikin mishan. Gaskiya ne Mishan ɗin Kwara yana da lahani: tashoshin suna nesa da juna, albashi kaɗan ne, wasu ma'aikata sun faɗa cikin kasuwanci da lalata, har da aikata mugun laifi a Anacha, bishop kuwa mai sanyin hali ne, ya fi son gyara mutum da korarsa. Amma samarin Turawan da aka aiko wajen 1890 sun yi wa kowa kuɗin goro. A taron da aka yi a Anacha cikin Agusta 1890 suka dakatar da fastocin Afirka a gaban bishop ɗinsu, har da ɗansa Dandeson. Tsohon da ya haura shekara 80 ya sauka daga shugabancin kwamitin. Bai fasa ikilisiya ba, bai kuma rama da zagi ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba 1891.

Bature aka naɗa a gurbinsa, kuma sai da aka yi shekara 60 kafin wani ɗan ƙasa ya sake riƙe yankin bishop na Angilika a Najeriya. Ikilisiyoyin yankin Neja Delta suka tsaya da ƙafafunsu a 1892 ƙarƙashin Dandeson, suna biyan fastocinsu da kansu, ba tare da sun bar ɗarikar ba. Jikansa Herbert Macaulay ya zama ɗaya daga cikin iyayen gwagwarmayar 'yancin Najeriya. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Babban Bishop na Canterbury, Justin Welby, ya furta tuba a fili saboda wulaƙancin da aka yi masa.

'Yan'uwa, mu ma muna zaune cikin zamanin da ke tumɓuke mutane. Rikici ya kori iyalai daga ƙauyukansu zuwa sansanonin gudun hijira, neman abinci ya kai matasanmu Abuja da Legas, 'ya'yanmu da yawa ba sa jin harshen kakanninsu. A irin wannan hali addini yakan zama abin da mutum ya fi riƙewa, kuma yana iya zama katangar da ke raba unguwa biyu. Rayuwar Crowther tana nuna mana abubuwa uku. Na farko, zama na Almasihu bai hana shi zama Ajayi ba, saboda haka mu koya wa yaranmu addu'a da karatun Littafi da harshen gida, ko Hausa ko Tangale ko Bura ko Berom ko Jju. Na biyu, zafin abin da aka yi masa bai zama shi ne sunansa ba. Ya gaishe da sarakunan Musulmi, ya faɗi gaskiyar bishara a gabansu da ladabi, suka kuma amince da shi. Na uku, da 'yan'uwansa masu bi suka raina shi saboda launin fatarsa, ya san wanda ya kira shi, ya ci gaba da zama cikin ikilisiya. Wannan gargaɗi ne gare mu ma, domin rainin da aka yi masa yana da ƙane a cikinmu: ƙabilanci wajen zaɓen fasto da dattawa da rabon muƙamai.

Idan muka bi ta Lakwaja muka hangi inda ruwayen nan biyu suke haɗuwa, mu tuna da tsohon da ya yi shekaru yana hawa da sauka a kan wannan kogi, ɗauke da Littafi da harsunan mutane. Mu roƙi Ubangiji ya ba mu irin zuciyarsa, mu san ko mu wane ne cikin Almasihu, mu kuma zauna da maƙwabtanmu cikin gaskiya da salama.