TARIHI: Muhammad Ali bin Sa'id, ɗan Kukawa da ya zaga duniya bai koma gida ba

Wanda ya bar Maiduguri ya nufi arewa, zai wuce Gajiram, ya ratsa Monguno, sannan a Kuros Kauwa ya karkata zuwa Kukawa. Hanya ce ta shingayen sojoji, wadda rikicin Boko Haram ya mayar da bin ta abin shawara da addu'a. Abin da ya sa na bi ta littafi ne guda, na wani ɗan garin da sau biyu damar komawa gida ta zo masa, kuma sau biyun ta wuce shi.

An haifi Muhammad Ali bin Sa'id a Kukawa wajajen 1836, a birnin da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814. Mahaifinsa shi ne Kacalla Barka Gana, babban kwamandan yaƙin Shehu, wanda Baturen nan Dixon Denham ya bi rundunarsa zuwa ƙasar Mandara a 1823. Ɗan gata ne ke nan, ya yi karatun allo, ya fara sanin Larabci. Yana matashi ya fita farauta da abokansa, duk da gargaɗin mahaifiyarsa, sai maharan Abzinawa suka kama su, suka sayar.

A ƙasa ya ƙetare Sahara har Murzuk ta ƙasar Fezzan. A nan damar farko ta zo: da ubangidansa ya gano ɗan wane ne a hannunsa, sai ya yi masa tayin mayar da shi Borno. Yaron ya ƙi. Ƙishirwa da gawarwakin da ya gani a hamada sun fi masa bauta ban tsoro, ya roƙi a sayar da shi ga Turkawa. Ban ga laifinsa ba. Wanda bai taka yashin ba ne kawai zai kira wannan ragwanci.

Daga nan ya yi ta sauya hannu. Ya tsare shagon taba a Tarabulus, ya raka ubangidansa Makka, ya kai Istanbul gidan Fu'ad Pasha. A 1853 ya koma hannun jakadan Rasha, Yarima Menshikov, daga bisani ya zama hadimin Yarima Nicholas Trubetzkoy a San Fitasbag. Wannan yariman ne ya matsa masa lamba har aka yi masa baftisma a Riga a 1855, aka sa masa suna Nicholas. Da wannan sunan duniya ta san shi, Nicholas Said. Tare suka zaga Jamus, Italiya, Faransa da Ingila, yana tsintar harsuna kamar mai kalar gyaɗa: Turkanci, Rashanci, Jamusanci, Italiyanci, Faransanci, a kan Barbarci da Larabcin da ya taho da su.

Dama ta biyu ta same shi a Landan a 1859. Kewar gida ta dame shi, ya nemi sallama, yariman ya ba shi fam 300, ya kama masauki kusa da tashar jiragen ruwa yana jiran wanda zai nufi Afirka. Yana cikin jiran wani Baturen Holan mai suna Rochussen ya nemi ya raka shi da amaryarsa yawon buɗe ido a Amurka, tafiyar ɗan lokaci. Ya amsa. Suka sauka a farkon 1860, suka leƙa har Haiti, sannan a Kanada mutumin ya ranci kuɗin nasa ya gudu ya bar shi. Kuɗin komawa Kukawa ne ya tafi a ranar.

Ya koyar da yara a Detroit. Da yaƙin basasar Amurka ya yi zafi, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, ta baƙaƙen fata, har ya kai muƙamin saje. Wannan runduna na cikin waɗanda suka ƙi karɓar albashi fiye da shekara, saboda ana biyan farin soja dala 13, baƙi kuwa dala 10, a kuma cire masa 3 na kaki. Bayan yaƙi ya zauna a kudancin ƙasar, yana buɗe makarantu ga ’ya’yan ’yantattun bayi a Kudancin Karolina, Jojiya da Alabama.

Mujallar Atlantic Monthly ta buga taƙaitaccen labarinsa a Oktoban 1867, cikakken littafin tarihin rayuwarsa kuma ya fito a Memphis a 1873. Abin da ya fi tsaya mini a littafin shi ne abin da babu a ciki. Bai ambaci aikin sojansa ba ko sau ɗaya, har ma ya jirkita shekarar zuwansa Amurka don giɓin ya rufu. Dalilin ba mai wuyar hange ba ne: yana sayar da littafin ne gari-gari ga fararen kudu, mutanen da ya ɗauki bindiga a kansu, a zamanin da ’yan Ku Klux Klan ke ƙona makarantun baƙaƙe. A kan Borno kuwa bai yi rowar shafi ba. Ya kawo sarakunanta da yaƙoƙinta da kasuwancinta, yana nuna wa mai karatun da ya ɗauki Afirka daji cewa ya fito ne daga daula mai fada da alƙalai da malamai.

Bayanan tsofaffin jami’an rundunarsa sun ce ya rasu a Brownsville ta jihar Tennessee a 1882. Shekara 11 bayan nan Rabeh ya ci Kukawa ya rushe ta, a 1893, kuma a 1907 fadar Shehu ta tare a Yerwa, wato Maidugurin da na taso. Kabarin Shehu al-Kanemi, ubangidan mahaifinsa, yana nan a Kukawa. Kafin la’asar direba ya fara danna ham, domin dole mu kai Monguno kafin sojoji su rufe hanya.